Sida a Nijar: magani kyauta ne, amma ci-rani da tsoron idon jama'a na raba mutane da shi

A kowane sashe da ake raba maganin ƙwayar cutar sida a Nijar, daga cibiyar CTA ta birnin Yamai zuwa asibitocin gundumomi na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai babban littafin da ake rubuta ranar da kowane majinyaci zai dawo karɓar magani. In aka buɗe shi za a ga layukan da suka tsaya a tsakiya. Mutum ya zo an auna jininsa, an faɗa masa sakamako, ya fara shan magani, ya dawo sau uku ko sau goma, daga nan sai shiru. Ma'aikatan lafiya na kiran irin waɗannan da Faransanci "perdus de vue", wato waɗanda suka ɓace wa ido. Wasu sun rasu ba a samu labari ba. Wasu sun koma wani asibiti ba su faɗa ba. Da yawa kuwa suna nan da ransu, a Abidjan ko Kano ko wajen haƙar zinariya, ko ma a unguwar da ke bayan asibitin, sai dai sun daina shan magani.

Ba tsadar maganin ba ce ta kore su. Tun da aka kafa shirin INAARV, sama da shekaru 20 ke nan, asibitocin gwamnati ke ba da maganin ARV kyauta, kuma Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ne ke ɗaukar kaso mafi girma na kuɗin sayensa. Abin da ke raba mutane da maganin yana wani wuri dabam: yadda aka tsara aikin asibiti ya dace da mutumin da ke zaune wuri ɗaya, mai kuɗin mota a aljihu, wanda ba ya fargabar a gan shi a bakin ƙofar sashen. Irin wannan mutum bai da yawa a cikin waɗanda ake son riƙewa.

Nijar na cikin ƙasashen Afirka da cutar ba ta yaɗu sosai ba. An tabbatar da mutum na farko mai ita a 1987. Babban binciken ƙasa kan lafiyar jama'a na 2006 ya nuna kashi 0,7 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ƙwayar, na 2012 ya nuna kashi 0,4, yanzu kuma hukumar ONUSIDA na ƙiyasta kusan kashi 0,2, wato mutum dubu 30 da ɗan wani abu. Abin farin ciki ne, amma yana da nasa nauyi a kan wanda abin ya shafa. A Afirka ta Kudu ko Zambiya, da wuya a sami gidan da ba a san mai shan ARV ba, saboda haka maganar ta zama ta yau da kullum. A Madarumfa ko Illela, mai shan maganin yakan ɗauka shi kaɗai ne a garin, kuma jama'a na ci gaba da kallon cutar a matsayin shaidar lalata. A 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fitar da rahoto a kan wannan, inda ta nuna cewa ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, saboda alƙalumansu ƙanana ne, an bar su a baya wajen kai magani ga masu buƙata.

Abin da ke faruwa a jiki in an tsaya

Maganin da akasarin manya ke sha yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, ana kiranta TLD, haɗin magunguna uku ne: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Tun 2019 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce shi ne zaɓin farko. Ba ya fitar da ƙwayar cutar daga jiki, yana hana ta hayayyafa ne. Cikin watanni kaɗan yawanta a jini kan faɗi ƙasa har na'ura ta kasa ganinta, garkuwar jiki ta farfaɗo, mutum ya koma aikinsa, ya yi ƙiba. Manyan bincike da aka yi a kan ma'aurata sun tabbatar da cewa wanda ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma OMS ta sake jaddada hakan a 2023. Wannan bayani ya kamata a ce kowane majinyaci ya ji shi tun ranar farko, don babu abin da ya kai shi ƙarfafa wa mutum gwiwa.

Jin sauƙin nan shi ne tarko. Wanda ya ga jikinsa ya dawo yakan ce ya warke. Amma ƙwayar tana nan kwance a wasu sassan jiki, kuma cikin makonni kaɗan da daina magani take komawa cika jini. Babu zafi, babu alama. Sai bayan watanni ko shekaru a ga rama, gudawa mai naci, tari, ko sanƙarau. Tarin fuka ne ya fi kashe masu ɗauke da ƙwayar a duniya. Ga kuma haɗarin sha-a-bari: in ana sha yau a tsallake gobe, ƙwayar na iya sabawa da maganin ta daina jin sa, sai an nemi wani haɗin da ya fi wahalar samu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali ya shafi Nijar ƙwarai. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar, ya ninka sida sau da yawa. Tenofovir da lamivudine da ke cikin TLD suna danne shi shi ma. Wanda ke da cututtukan biyu, in ya yanke magani kwatsam, hantarsa na iya tashi da kumburi mai tsanani. Shi ya sa tsayawa ba tare da sanin likita ba ya fi yadda ake zato haɗari.

Kalandar asibiti da kalandar ci-rani

In an gama girbi, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, tashoshin mota na Tawa, Ƙonni, Madawa da Tasawa kan cika da matasa masu tafiya bida. Na jihar Tawa sun daɗe da sanin hanyar Kodibuwa da Libiya. Na Maraɗi da Damagaram na gangarawa Katsina, Kano, Legas. Daga yankin Kance mata da yara ne ke nufar Aljeriya. Tun 2014 kuma Jado da Cibarakatan suka ƙara jan dubban mazaje zuwa haƙar zinariya. Akasarinsu ba sa dawowa sai damina ta kawo kai, a watan Mayu ko Yuni. Tafiyar wata shida ce zuwa bakwai.

A sa wannan gefe guda da yadda aka saba ba da magani: na wata ɗaya, ko na wata uku in mutum ya daɗe. Matashin da zai tafi Abidjan da kwalba ɗaya a jaka, tun kafin ya bar tasha an san ranar da maganinsa zai ƙare. Ba ya faɗa wa ma'aikacin asibiti zai yi tafiya, don yana tsoron a yi masa faɗa ko a ce ya fasa. Ma'aikacin shi ma bai tambaya ba. In ranar dawowa ta wuce aka kira lambar da ya bari, layin a kashe yake, ya riga ya sa na ƙasar da ya je. A ƙa'idar da ake bi yanzu, in kwana 28 suka wuce bayan ranar da ya kamata mutum ya dawo, ana lissafa shi cikin waɗanda suka katse magani. Ga ɗan ci-rani wannan lissafi kan faɗo kusan kowace shekara, a lokaci ɗaya.

Ƙa'idojin OMS na 2021 sun ba da mafita da ta yi daidai da wannan matsala kamar don ita aka rubuta su. Duk wanda ya yi aƙalla wata shida a kan magani, ba shi da wata rashin lafiya, kuma awo ya nuna ƙwayar ta kwanta, ana iya ba shi maganin wata uku zuwa shida a lokaci ɗaya, an ma fi son na wata shida. Maganin wata shida da aka ba mutum a Nuwamba zai kai shi Mayu. Ya rage a asibiti a yi tambayar da ta dace tun watan Satumba: bana za ka yi tafiya, ina za ka, yaushe za ka dawo? Tambaya ce da ba ta cin ko dala, amma tana buƙatar ma'aikacin da majinyaci ya yarda da shi.

Abu na biyu takarda ce. Wanda zai daɗe a waje yana da damar neman takardar canjin asibiti, mai ɗauke da sunan haɗin da yake sha, ranar da ya fara, da sakamakon awonsa na ƙarshe. Asibitocin gwamnati a Najeriya na ba da ARV kyauta tun 2006, a Kodibuwa tun 2008, kuma TLD ɗin nan dai shi ake amfani da shi a can. Wanda ya je hannu rabbana yakan sake yin gwaji kamar sabon shiga, a buɗe masa sabuwar lamba. A littafin Maraɗi ya ɓace, a littafin Kano sabo ne. Wannan na ɗaya daga dalilan da suka sa alƙaluman waɗanda suka ɓace ba sa nuna gaskiyar lamarin, ko ta sama ko ta ƙasa. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ƴan sa'o'i ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma littattafan asibitocin ɓangarorin biyu ba su san juna ba.

Kwalbar da ake ɓoyewa

Ba kowa ne tafiya ke rabawa da magani ba. Wasu gida ne. Mace da yawa a wajen awon ciki take fara jin sakamakonta, domin nan ne ake yi wa mata gwaji. Ta fito da kwalba a cikin jaka, ta koma gidan da akwai kishiya, uwar miji da yara masu bincike. In ta faɗa wa maigida, tana tsoron ya ce ita ta kawo, ko da kuwa shi bai taɓa yin gwaji ba. In ba ta faɗa ba, kowane zuwa asibiti sai ta nemi izini da kuɗin kabu-kabu da dalilin da za ta bayar. Lokacin ciki dalilin a fili yake. Bayan suna kuwa, ba ta da abin cewa. Nan ne mata da yawa ke yankewa, kuma lokaci ne mafi muni, domin jariri na shan nono. In babu magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran uwaye masu ƙwayar kan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani ba yankewa, adadin na sauka ƙasa da kashi 5. Jaririn kuma ana son a auna shi yana da mako huɗu zuwa shida, a sake bayan yaye. Haɗa ranar karɓar maganin uwa da ranar rigakafin yaro na rage mata yawan bayani a gida, kuma abu ne da kowace CSI ke iya tsarawa.

Dokar da Nijar ta zartar a 2015 kan sida ta haramta nuna wariya ga masu ɗauke da ƙwayar, ta kuma wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirri. Amma doka ba ta hana maƙwabciya ta ga wace ƙofa aka shiga. Shi ya sa ake samun wanda ke tsallake asibitin garinsu ya tafi babban birnin jiha, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya rasa yinin aiki, don kawai kada a gan shi. Wannan dabara na tafiya har ranar da aljihu ya bushe. Kai magani kusa da jama'a abu ne mai kyau, amma tilasta wa mutum karɓa a inda ake saninsa na iya zama hanyar rasa shi.

Matasa da aka haifa da ƙwayar na da tasu matsalar. Yaro ya taso ana ba shi ƙwaya kullum ana ce masa maganin ƙarin jini ne. Ya kai shekara 14 ko 15 ya gano gaskiya, wani lokaci ta hanyar karanta sunan maganin a intanet. Fushi da kunya kan sa ya watsar. Ga masu sayar da maganin gargajiya da lasifika a kasuwa, da na WhatsApp da TikTok, masu alƙawarin warkarwa cikin kwana kaɗan in an ajiye na asibiti. An ga ƙarshen irin wannan a Gambiya, inda tsohon shugaba Yahya Jammeh ya yi iƙirarin warkar da sida a 2007, aka sa majinyata suka bar ARV, wasunsu suka mutu. Azumi ma yakan zama dalili, alhali ƙwaya ɗaya a rana ana iya mayar da ita bayan shan ruwa, da shawarar likita.

Ɓangaren asibiti

Ba duka laifin ke kan majinyaci ba. Awon yawan ƙwayar cuta a jini, wanda likitoci ke kira "charge virale", ana son a yi shi bayan wata shida da fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Shi ne ke nuna ko magani na aiki, kuma shi ne ke buɗe ƙofar ba da na wata shida. In an ɗebi jini aka aika da shi nesa, sakamako ya yi watanni bai dawo ba, mutum na nan a jerin masu zuwa akai-akai ba da laifinsa ba. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya yin wannan awo da na jarirai, in akwai kayan aikinta da wutar lantarki.

Sai maganar ajiya. Ba a ba mutum maganin wata shida sai ɗakin ajiya na da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki sun toshe hanyar Kwatano da kayan Nijar suka saba bi, har magunguna suka maƙale a hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Duk lokacin da magani ya yi ƙaranci, abin da ma'aikaci ke yi shi ne ya rage wa kowa, mai karɓar na wata uku ya koma na wata ɗaya. Mai zuwa daga nesa shi ne farkon wanda zai gaji.

Kuɗin waje ma na ja da baya. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, kuma ita ce babbar mai zuba kuɗi a Asusun Duniya. A cikin shekarar Asusun ya zaftare kusan dala biliyan 1,4 daga abin da ya ware wa ƙasashe. Ƙwayar TLD kanta ta yi araha, tun 2023 farashinta ya sauka ƙasa da dalar Amurka 45 ga mutum ɗaya a shekara. Abin da aka fi saurin yankewa in kuɗi ya ragu shi ne ɗan alawus na masu bin sawun majinyata, katin waya da man babur, wato ainihin abubuwan da ke dawo da wanda ya ɓace.

Waɗannan masu bin sawu akasari su ma masu ɗauke da ƙwayar ne, daga ƙungiyoyi irin na haɗakar RENIP+. Amfaninsu a fili yake: wanda aka faɗa wa sakamako yau, ya ga mace ko namiji da ya shekara 15 a kan magani, da aure da ƴaƴa lafiyayyu, ya fi saurin yarda da shi a kan duk wani bayani na likita. A wasu ƙasashe an kai wannan aiki gaba. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008 majinyata ke haɗa ƙungiyar da ba ta wuce mutum shida ba, kowane wata mutum ɗaya ya je ya karɓo wa sauran, kamar adashi. A Kinshasa, inda cutar ba ta kai ta kudancin Afirka yawa ba kuma tsangwama ta yi ƙarfi, an buɗe wuraren raba magani a cikin unguwanni tun 2010, masu ɗauke da ƙwayar ne ke tafiyar da su, mutum ya shiga ya fito cikin ƴan mintuna. Tsarin Tete da wuya ya zauna a ƙauyen da mutum biyu kacal ke shan magani kuma ba sa son su san juna. Na Kinshasa ya fi kama da abin da Yamai, Maraɗi ko Damagaram za su iya ɗauka. Ana kuma maganar allurar da ake yi duk wata biyu a madadin ƙwaya, wadda OMS ta amince da ita a 2025 ga waɗanda ƙwayar ta riga ta kwanta a jininsu, sai dai tana buƙatar sanyi da zuwa asibiti a kan lokaci, don haka ba ta warware matsalar mai tafiya Jado ba.

Ranar dawowa

Da yawa daga waɗanda suka yanke suna son dawowa, abin da ke tsayar da su shi ne tunanin tarbar da za a yi masu. Wanda aka taɓa yi wa tsawa a gaban layi, ko aka mayar da shi ƙarshen layi don ya makara, yakan jira har sai an kawo shi ranga-ranga. A unguwar Khayelitsha ta birnin Cape Town, MSF ta gwada wani tsari na musamman don masu dawowa, inda aka horar da ma'aikata su tarbe su ba zargi, su tambayi abin da ya hana su zuwa, su gyara abin da ke gyaruwa. OMS ma ta sa neman waɗanda suka katse da taimaka masu su dawo cikin shawarwarinta na 2021.

Abin da ake yi wa mai dawowa ba shi da tsawo. Ana duba shi, a tambaye shi tari, zazzaɓi, zufar dare da rama don neman tarin fuka. In ya daɗe ba magani ana auna ƙwayoyin garkuwar jikinsa, CD4. In sun sauka ƙasa da 200, cutar ta yi nisa, sai a ƙara masa wasu gwaje-gwaje da magungunan kariya. In babu alamar sanƙarau, akasari ana mayar da shi kan TLD nan take ko cikin ƴan kwanaki, a sake awon jini bayan wasu watanni. Wanda ke shan maganin tarin fuka mai rifampicin ana ƙara masa dolutegravir na biyu a rana. Wanda ya dawo daga waje da kwalbar da aka ba shi a Abidjan ko Legas, ko da babu komai a cikinta, ya kamata ya zo da ita, domin sunan haɗin da ke jikinta ne zai nuna wa likita inda aka tsaya.